Ciwon da ke Ɓuya a Gaban Kunne

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Rano da Rurum da Saji da Lausu, da 'yan'uwa na Kibiya, Tarai, Durba da Fammar, da duk inda muryata ta kai.

Kafin mu shiga magana, ina roƙon kowa ya yi wani ɗan abu, sai dai wanda ke tuƙi, shi ya bari sai ya tsaya. Ɗora yatsanka a gaban kunnenka, daf da ramin kunnen. Buɗe baki a hankali, ka rufe. Sake buɗewa. Ka ji wani ɗan ƙashi ya gangaro gaba a ƙarƙashin yatsan, sannan ya koma mazauninsa? To wannan ita ce mahaɗar muƙamuƙi, inda ƙashin haɓa ya haɗu da ƙoƙon kai. Biyu gare ka, dama da hagu, kuma ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. Da ita kake tauna tuwo, da ita kake karatu da salati, da ita kake ciniki a kasuwa, da ita kake dariya da hamma. Tun daga asuba har ka kwanta tana aiki, amma mutum kan yi shekara hamsin bai san da zamanta ba, sai ranar da ta yi ciwo. Ranar ma ba ita ake zargi ba.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, da ke aure a wani ƙauye a yankin Kibiya. Ta yi kusan shekara biyu tana fama da abin da kowa a gidan ke kira ciwon kunne. An sayo maganin ɗigawa a kemis, an ɗiga har kwalba ta ƙare, an sake sayowa. Da abin ya ƙi, sai aka ce ai haƙori ne ke harba mata har kunne. Wani mai cire haƙori da ke bin kasuwanni ya cire mata matauni ɗaya. Ciwo bai tafi ba, bayan wata uku ya cire na kusa da shi. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a wuya. Duk wannan tana daurewa, in ka tambaye ta sai ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan," alhali ta daina cin nama, ta daina goro, tuwo ma sai an dama mata shi da miya.

Ranar da muka kai ta birni, likitan haƙori ya leƙa kunne da baki, sannan ya sa yatsu biyu ya danna tsokar kumatunta, wajen kusurwar muƙamuƙi. Gwaggo ta zabura ta riƙe hannunsa. Ta ce, "Nan ne! Wallahi nan ne, har cikin kunnena na ji shi." Ya ce, "Hajiya, kina cizon haƙora in kina barci?" Ta ce ita ina za ta sani. Jikarta da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ce ta amsa, ta ce, "Kullum sai na ji ƙurus-ƙurus da dare, kamar ana tauna tsakuwa." Kunne lafiya lau. Sauran haƙoran lafiya lau, sai dai sun side, kawunansu sun baje saboda guga. Haƙora biyu kuwa sun riga sun tafi, ba su dawowa. Garin neman gira an rasa ido.

Me ya sa ciwon ke yaudarar mutane haka? Saboda maƙwabtaka. Tsakanin mahaɗar nan da ramin kunne ɗan siririn ƙashi ne kawai, kuma babbar jijiyar da ke kai saƙon zafi daga haƙora ita ce dai ke kai shi daga muƙamuƙi da gefen kai da wani sashe na kunne. In saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, ba kullum take tantance daga wace ƙofa ya fito ba. Shi ya sa ma wanda ya fara jawo hankalin likitocin zamani ga wannan ciwo likitan kunne da hanci ne, wani Ba'amurke mai suna James Costen, a shekarar 1934. Mutane ne ke zuwa masa da kukan kunne, ya duba ya ga kunne ba abin da ya same shi. Shi ya ɗora laifin a kan rashin haƙoran baya, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna lamarin ya fi haka faɗi. Amma abin da ya lura da shi yana nan daram: kunne na iya yin kuka a kan ciwon da ba nasa ba.

Ita mahaɗar, halittarta abin mamaki ce. Tana lilo kamar ƙyauren ƙofa, kuma tana zamewa gaba da baya kamar ɗan dutsen niƙa a kan uwarsa. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai ɗan faifai na guringuntsi da ke hana su gogar juna, ga kuma tsokoki masu ƙarfi a kumatu da gefen goshi da ke jan ta. Ciwo na iya fitowa daga kowanne. Mafi yawa daga tsoka ne, ta gaji ta ɗaure, irin na Gwaggo. Wani lokaci faifan ne ke gocewa daga mazauninsa, sai ka ji ƙas in ka buɗe baki, ko bakin ya maƙale a rabi. Wani lokacin kuma amosanin gaɓɓai ne, wanda ke cin gwiwa da yatsu, ya iso nan. Wani rahoto da majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta fitar a 2020 ya ce matsaloli sama da 30 ne ke shiga ƙarƙashin suna guda na ciwon muƙamuƙi. A can Amurka an ƙiyasta manya miliyan 11 zuwa 12 ke fama da shi, kuma mata sun ninka maza. Wanda bakinsa ke ƙara kawai, ba zafi, ba maƙalewa, ya kwantar da hankalinsa. Mutane da yawa haka suke, kuma ba sa bukatar magani.

Yanzu bari in tsaya a inda na fi so a saurare ni da kyau.

Mu Hausawa in abu ya yi wa mutum nauyi, me muke ce masa? "Ka cije." "Ki daure, ki cije, wata rana sai labari." Muna faɗa a matsayin magana, amma jiki yana ɗaukarta da gaske. Manomin da ya ci bashin taki, damina ta yanke masa a tsakiya. Matar da aka yi wa kishiya ba a ko shawarce ta ba, aka ce ta yi haƙuri, ta yi, ba ta faɗa wa kowa komai ba. Ɗan acaɓan da ke lissafin balas tun safe. Ɗalibar da jarrabawa ta matso. Duba su da kyau a lokacin da ba su san ana kallonsu ba, za ka ga kumatu a ɗaure, haƙora a haɗe gam. Haƙurin da aka yi da rana, sau da yawa haƙori ke biyan kuɗinsa da dare. A shekarun da Gwaggo ta fara ciwon, babban ɗanta ya tafi ci-rani kudu, aka yi wata da watanni ba labarinsa. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, har ni.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba: in mutum ba ci yake ba, ba haɗiya yake ba, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba. Leɓe a rufe, haƙora a sake, da ɗan fili tsakaninsu. Mai sauraro, duba naka yanzu. A haɗe suke? In a haɗe suke, tsokarka aiki take yi ba hutu, kamar wanda ya wuni da dunƙulallen hannu. Wanda ya wuni haka kuwa dole damtsensa ya yi tsami.

Sai tagumi. Iyayenmu ba sa son ganin yaro ya rafka tagumi, nan take za a ce ya sauke hannu. Suna da gaskiya ta fuska biyu, domin tagumi alamar damuwa ce, sannan nauyin kai ne gaba ɗaya ake jibga wa mahaɗa ɗaya. Haka mai maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana aiki da hannu biyu, haka mai kwanciya rub da ciki fuska a murɗe.

Ba na cewa duk mai ciwon muƙamuƙi damuwa ce ta kama shi, kuma kada wani ya ji wannan ya je ya ce wa matarsa, "Ai tunani ne kawai, ba abin da ke damunki." Ciwon na gaske ne, tsokar ta yi tsami da gaske. Faɗuwa kan jawo shi, haɗarin babur kan jawo shi, mari kan jawo shi, kuma mun san addininmu ya hana dukan fuska, na mace ne ko na yaro. Wasu kuma ba a gano musu dalili ko ɗaya.

Game da abin da muke taunawa, in hunturu ya zo rake kan cika kasuwa, kuma ba wanda zai raba mu da shi. Ga goruba, ga busasshiyar aya, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi da ganda, ga masu fasa ƙashi don ɓargo, ga 'yan mata da cingam tun safe har la'asar, ga samarin da ke buɗe kwalbar lemo da haƙori don a yaba musu. Lafiyayyen muƙamuƙi yana iya ɗaukar da yawa daga cikin wannan. Amma wanda ya fara ciwo, ba ya warkewa ana ɗora masa kaya. Goro kuma, ban da taunar, yana da sinadarin da ke hana barci irin na kofi, kuma mai cinsa da yamma yana ƙara wa kansa rashin barci da cizon haƙora.

To mene ne magani? Albishir shi ne yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi da abubuwan da ba sa cin kuɗi. A hutar da bakin kamar mako biyu: kunu, koko, fura da nono, fate, alale, ƙwai, kifi, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, gwanda da ayaba. Nama a yanka ƙanana a dafa ya yi luguf. Rake in an matsu a feƙe shi da wuƙa a yanka 'yan guntaye, ko a haƙura da shi tukuna. Bayan nan a koma cin abinci kamar kullum sannu a hankali, domin gaɓar da aka daina motsawa gaba ɗaya ita ma sandarewa take. A riƙa tauna ta ɓangare biyu. In akwai ruɓaɓɓen haƙorin da ya sa ake tauna ta gefe ɗaya, a je a gyara shi.

A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a gasa kumatu da gaban kunne minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Na ce ɗumi, ban ce tafasasshe ba, don na san hannunmu da ruwan zafi. Sannan a murza tsokar da yatsu a hankali. A sa kan harshe a hanƙa, wato bayan haƙoran gaba na sama, inda harshe ke taɓawa in za ka ce "na", a buɗe baki sannu iyakar inda harshen bai saki ba, a rufe, kamar sau shida, a maimaita a wuni. In hamma ta zo a tare ta, a sa hannu a baki a tallafi haɓa. Wannan ladabi ne da aka koya mana tun muna makarantar allo, ga shi likitoci ma abin da suke cewa ke nan. A kuma nemi wanda za a faɗa wa abin da ke cikin rai, aminiya ce, ɗan'uwa ne, malami ne, ko ma'aikacin lafiya.

A watan Disamba na 2023, mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta buga shawarar wani kwamitin ƙwararru a kan ciwon muƙamuƙin da ya wuce wata uku. Abubuwan da suka fi ƙarfafawa su ne motsa muƙamuƙi bisa koyarwar ƙwararre, tausar tsoka, gyara zaman wuya da kafaɗa, da zama da masanin halayyar ɗan'adam don koyon sarrafa damuwa da zafi. Abubuwan da suka hana da kakkausar murya kuwa su ne waɗanda in an yi ba a iya warwarewa, irin su cire faifan nan da tiyata. Akwai robar da likitan haƙori kan auna wa mutum ya sa da dare. Tana kare haƙora daga sidewa, amma ba kowa take ɗauke wa zafi ba.

Wannan taka-tsantsan da tsada aka saye shi. A Amurka, cikin shekarun 1980, an yi wa dubban mutane, yawancinsu mata, tiyata aka sa musu faifan roba na wani kamfani mai suna Vitek a madadin nasu na halitta. Robar ta riƙa marmashewa a cikin mahaɗar, jiki ya yi ta yaƙi da ita har ƙashi ya zaizaye. A 1990 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi, aka janye shi daga kasuwa, amma mutane da yawa sun ƙare rayuwarsu da ciwon da ya fi na farko. In haka ta faru a inda ake da manyan asibitoci da na'urori, ina ga wanda ya miƙa bakinsa ga mai cire haƙori da filaya a gindin bishiya? Kada a yarda a cire haƙori sai an ga cutar a jikin haƙorin. Kada a yarda da sakiya ko tsaga a gaban kunne, domin jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta ratsa.

Maganin kashe zafi yana da amfani na 'yan kwanaki. Farasitamol ya fi sauƙin haɗari in ba a wuce ƙa'ida ba. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, don haka mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda ba suna, a guje su. Tiramol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarinmu a gonaki da tasha. Ba maganin wannan ciwo ba ne.

Akwai kuma gocewar muƙamuƙi, inda mutum zai yi hamma ko dariya, baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, yawu na zuba, magana ta gagara. Abin tsoro ne a ido, har wasu kan ce iska ce ta buge shi. Ba iska ba ce, kan ƙashin ne ya zarce gaba ya kasa komowa. Tsohuwar matsala ce, domin wani rubutun likitancin Misira da ya haura shekara 3,500 ya bayyana yadda ake mayar da shi da hannu, kuma kusan haka ake yi har yau. Ma'aikacin da ya iya, cikin 'yan mintoci zai mayar. Amma a je da wuri, a ranar, domin in aka kwana biyu tsoka ta ɗaure, sai an sa mutum barci, in aka yi makonni kuwa har tiyata. Kada a doki haɓar, kada a danna ta da ƙarfi don a rufe bakin.

Duk abin da na faɗa na haƙuri da ruwan ɗumi, akwai inda ba ya aiki, kuma a nan jinkiri kisa ne. In baki ya ɗaure bayan kwana uku zuwa mako uku da jin rauni, fartanya ce ta sare ka, ƙusa ce ko ƙaya ka taka, ga wuya da baya suna sandarewa, jiki na fizga, wannan sarƙe-haƙora ce, a nufi asibiti a daren. In zafin muƙamuƙi ya zo da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari, zuciya ce ake tsoro. In ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, haɗiya na wuya, ruɓar haƙori ce ta bazu, tana iya toshe maƙogwaro. In bayan haɗari haƙora sun daina haɗuwa yadda suka saba, a ɗauki hoto, wataƙila karaya ce. Dattijon da ya haura hamsin, muƙamuƙinsa ke gajiya in yana tauna, ga sabon ciwon kai a gefe, ga gani na dusashewa, shi ma kada ya kwana. Kumburin da ke girma ba ya saɓewa, ko leɓen da ya mutu ba ya jin taɓi, a kai wa likita.

Mutane kan ɗauka tunda gaɓa ce, sai Asibitin Ƙashi na Dala. A tsarin asibiti, muƙamuƙi yana hannun likitocin haƙori da tiyatar fuska, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. A fara da asibitin da ke kusa, ko Babban Asibitin Rano, su duba su tura in da bukata. Sai dai mu faɗi gaskiya: likitocin haƙori a Nijeriya 'yan dubbai ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Matar da ke Tarai ko Zurgu, kafin ta haɗa kuɗin mota ta bi ta Bunkure ta isa birni, ta samu wanda zai raka ta, ta bi layin kati, mai filaya ya riga ya zo har ƙofar gidanta. Don haka kirana ga hukumomin lafiya na jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya shi ne a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocinmu wannan duba. Ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki. Yatsa ne a gaban kunne, danna tsokar kumatu, auna buɗewar baki, da tambaya biyu ko uku. Duk wanda ya zo da ciwon kunne aka leƙa ba a ga komai ba, a taɓa masa muƙamuƙi kafin a rubuta maganin ɗigawa.

Saura yara, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai. Yaro ya faɗo daga mangwaro ko daga katanga, ya bugi haɓa, aka ɗinke ɗan yankan ko aka shafa magani, aka manta. Amma ƙarfin bugun can sama yake tafiya, ya fasa kan ƙashin a cikin mahaɗar. Ko kuma kunne ya yi ta zubar da ruwa wata da watanni ba a kula ba, cutar ta ratsa ta shiga gaɓar. A hankali ƙashi ya haɗe da ƙashi. Bana yaron yana buɗe baki yatsa biyu, baɗi yatsa ɗaya, wata shekara sai ta tsakanin haƙora ake ɗura masa kunu, haɓarsa ta ƙi girma, fuska ta karkace. Likitocin tiyatar fuska a Arewa sun san irin waɗannan yara sarai, kuma sau da yawa sai bayan shekaru ake kawo su. Haka cutar nan mai cin baki da kumatun yara masu tamowa, wadda likitoci ke kira noma, takan bar waɗanda suka tsira da baki a kulle. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa jagorancin Nijeriya. In baki ya riga ya kulle haka, tiyata ce kaɗai mafita, kuma gara a yi ta da wuri.

Gwajin mai sauƙi ne. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku na mai bakin, a jere a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, wato wajen santimita 4 zuwa 5 ga babba. Iyaye mata, in an gama tuwon dare yau, ku kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gwada da yatsunsa. Wanda kuka ga biyu ma da ƙyar suke shiga, ko haɓarsa na karkata gefe in ya buɗe, musamman in ya taɓa faɗuwa ko ya yi ciwon kunne, ku kai shi asibiti cikin makon nan, ku gaya wa ma'aikacin yaushe ya faɗi da kuma ta inda ya bugu.